Inda Mijinyawa Ya Ajiye Mota

Jawo kujerar nan ka zauna kusa, ka ara mini kunnenka. Labarin wani direba zan ba ka, Mijinyawa ɗan Basiru, mutumin Azare, wanda ya yi shekara tara yana tuƙi a Riyad bai taɓa gogar motar kowa ba.

Ya sauka a 1981, bayan ya gaji da jan tirela tsakanin Kano da Maiduguri. Wani kamfanin gine-gine na Amurkawa ne ya ɗauke shi, shi ne kafilinsa, wato kamfanin ne ke tsaya masa a kan iƙama, takardar da in babu ita ba ka da zama a ƙasar. Ya baro matarsa Hansai da yara huɗu a gida. A unguwar Gubaira yake kwana, ɗaki ɗaya shi da Dalhatu, wani mai walda ɗan Funtuwa, a saman shagon gyaran firji. Mijinyawa dogo ne siriri, ba ya son surutu kafin hantsi. Tsumma biyu gare shi a mota, ɗaya na gilashi ɗaya na taya, kuma duk wanda ya haɗa masa su wuri ɗaya, ranar sai ya ji ba daɗi.

Amurkawan su goma sha huɗu ne, suna zaune a gidajen katako cikin katanga ɗaya, can arewacin gari. Mutane ne masu aiki, ba a raba su da wannan. Amma suna da ciwo guda, ƙwallon ƙasarsu. Sunanta ƙwallon ƙafa, alhali da hannu ake yawancin wasan. Ƙwallon kamar gwanda take, mai tsini gaba da baya. Ƙarti ne ke sa hular kwano, su cusa wa kafaɗunsu tsumma, su duƙa suna fuskantar juna, a busa usur su yi karo kamar raguna. Ana ba kowane ɓangare dama huɗu ya ci yadi goma, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya.

Ran Lahadi ake buga wasan a Amurka. Shugabansu wani dattijon injiniya ne da direbobi ke kira Tsoho. Ƙanensa da ke can gida shi ke ɗaukar wasan a kaset ɗin bidiyo, ya yanke tallan giya da 'yan matan da ke rawa a bakin fili, ya aiko. Kaset ya iso ran Laraba, su kalla ran Alhamis bayan azahar. Kafin a kunna, kowa zai rubuta ƙungiyar da yake ganin ta ci da tazarar maki, ya jefa a gwangwanin biskit tare da abin da ya sa. Caca dai, a ƙasar da ta haramta, shi ya sa sai a bayan katanga.

To ka ga wasan an riga an gama shi kwana huɗu da suka wuce. Don haka suka kafa wa kansu doka. Daga Lahadi zuwa Alhamis, duk rediyon da ke kama tashar waje ana kulle shi a kabad ɗin Tsoho. Jarida in ta zo, kuku ne ke fara yage shafin wasanni ya kunna murhu da shi. Wayar kiran ƙasar waje guda ɗaya ce, kan teburin Tsoho take. Manyan mutane masu furfura, suna gadin juna kamar yara a kan tukunyar nama.

Ƙofa ɗaya ce ba su iya toshewa ba. Mijinyawa ne ke zuwa Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ya karɓo kaset, kuma ba a fita da kaset sai jami'in kwastan ya sa shi a na'ura ya duba, mai kaya na tsaye a gefensa. Jami'in yakan tura shi da gudu, ƙartin nan su riƙa zabura kamar fari, sai ya kai ƙarshe ya tsayar. A nan makin ke fitowa ɓaro-ɓaro a fuskar talabijin. Jami'in ya ce, "Halas, an gama, ɗauki kayanka, sadiƙ," wato aboki. Kowace Laraba ke nan, mutum ɗaya ne a kamfanin ya san wanda ya ci, kuma shi ne wanda bai taɓa jefa ko sisi a gwangwanin ba.

Kakar wasa uku yana wannan aiki. A hankali har ya gane wasan fiye da yadda suke zato, domin yakan tsaya bakin ƙofa ran Alhamis ya ɗan kalla kafin ya tafi. Sunayen ƙungiyoyin ba su zauna masa a baki ba, da launin riga yake kiransu. Amurkawan sukan tare shi ran Laraba da wasa, su leƙa fuskarsa, su ce, "Mij, yi murmushi in mu ne." Ya gaishe su, ya miƙa wa kuku kaset, ya koma ya hau goge gilashi. Ba wanda ya taɓa karanto komai a fuskar nan.

Dalhatu ba ya barinsa ya huta. "Sannu da zuwa, limamin 'yan caca. Yau wa ya ci?"

"Wanda Allah ya ba."

"Ni ma ɓoye mini za ka yi? Wa na sani a cikinsu?"

"Bakinka na sani. Kafin la'asar Gubaira ta ji, kafin magariba kasuwar Baɗaha ta ji."

A Disambar 1985 aka zo wasan ƙarshe na kakar, tsakanin masu jar riga da masu farar riga. Wadda ta ci ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wadda ta faɗi ta tattara kayanta sai baɗi. Rabin Amurkawan 'yan ja ne, rabi 'yan fari, kuma duk abin da aka tara tun farkon kaka a kan wannan wasa za a raba shi. A daidai lokacin iƙamar Mijinyawa saura kwana goma sha biyu ta ƙare. Takardun sabuntawa suna kan teburin Mista Gareti, mai kula da ma'aikata, sai ya sa hannu za su tafi ofishin gwamnati.

Ran Talata Mijinyawa ya ɗauko Gareti daga unguwar Nasiriya. Mutumin bai saba zama gaba ba, ranar ya zauna. Sai da suka hau babban titi ya yi magana, rabi Turanci rabi Larabcin kasuwa.

"Mij, fayil ɗinka na wurina. Akwai direbobi da yawa masu neman wurin nan."

"Haka ne, yallaɓai."

"Ba na so ka ce komai gobe. Ko kalma ɗaya. In ka dawo, ka san rumfar da kake ajiye mota, tagata tana kallonta. In ja suka ci, ka shiga da gaba, hancin mota ya kalli bango. In fari ne, ka shiga da baya, ya kalli ƙofa. Shi ke nan. Ni kuma in sa hannu da yamma."

Mijinyawa ya ci gaba da tuƙinsa. Ya ba da sigina, ya kauce wa wata motar siminti, ya kai shi har bakin ofis.

Rumfar nan siririya ce, tsakanin bango da tankin ruwa. Ko ka shiga da gaba ko ka shiga da baya, ba ta uku. Duk yadda ya ajiye, ya yi magana ke nan.

Bayan magariba suna cin shinkafa da kaza a faranti ɗaya, ya zayyana wa Dalhatu. Dalhatu ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

"Malam, kuɗin arna ne, arna za su ci. Kai ina ruwanka? Ka juya masa motar ka karɓi takardarka."

"Su goma sha ukun fa? Sun yarda da ni."

"To juya masa baibai. Ja suka ci ka nuna fari, ya sha ƙasa, ka huce."

"Ƙarya ce ita ma, don dai da taya aka yi ta. Ran Alhamis kuma ya yaga fayil ɗina."

"Ka kai ƙara wurin Tsoho mana."

"Da wace shaida? Maganata da ta Bature. In rigima ta tashi ta fita katanga, 'yan sanda su ji ana caca, wa za a fara kamawa in ba wanda ke ɗauko kaset ba?"

Dalhatu ya ce, "Hansai za ka koma wa da jaka ɗaya, ka ce mata mota ce ka ƙi juyawa?"

"Ci abincinka, Dalhatu."

Laraba da hantsi yana filin jirgi. Ya so ya kawar da kai, amma jami'in ya ce ya matso ya tsaya inda ya saba. Kaset ya yi gudunsa ya tsaya. Ja ne suka ci, da tazarar maki uku. Ya sa hannu, ya karɓa, ya kama hanya.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, shi ya mai da ita awa ɗaya da rabi. Ya tsaya a wani masallaci na gefen titi ya yi azahar, ya daɗe zaune takalmansa a hannu. Ya tuna ɗakin da ya fara ginawa a Azare, wanda har yanzu bai kai linta ba. Ya tuna babbar 'yarsa da ta shiga sakandare a shekarar. Ba wai bai ji tsoro ba. Ya faɗa wa Dalhatu daga baya cewa sitiyarin har santsi yake yi a hannunsa don gumi, ga shi lokacin sanyi.

Da ya iso, mai gadi ya ɗaga masa ƙarfen ƙofa. Mijinyawa bai shiga ba. Ya gangara gefe, ya ajiye motar a waje jikin katanga, inda babu tagar da ke ganinta. Ya kulle, ya riƙe kaset a hannu, ya taka da ƙafa ya ratsa tsakar gidan kansa a miƙe. Ya wuce rumfar tana wayam. Ya ga labulen tagar Gareti ya motsa. Ya miƙa wa kuku kaset kamar kullum.

Gareti bai sa hannu ba da yamman.

Ran Alhamis, sun taru a ɗakin kallo, kowa ya jefa takardarsa a gwangwani. Mijinyawa na tsaye bakin ƙofa. Tsoho ya juyo, a gaban kowa ya ce, "Mij, jiya na ga motar a waje cikin ƙura. Ta lalace ne?"

Gareti ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Kalma uku kawai Mijinyawa zai faɗa mutumin ya gama yawo a kamfanin.

"Lafiyarta lau, ranka ya daɗe. Ni ne na ga jiya a waje ya kamata ta tsaya."

Tsoho ya dube shi, ya daɗe. Ya leƙa ta taga ya dubi rumfar, ya bi da ido har ofishin da ke fuskantarta. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana auna kusurwa. Bai ƙara tambaya ba, ya ce a kunna kaset. Gareti fari ya zaɓa.

Kwana takwas suka wuce ba labari. Mijinyawa ya ci gaba da zuwa aiki da asuba, bai je ya yi roƙo ba, bai aika kowa ba. Ya dai sayi igiya ya ɗaure akwatinsa, ya raba wa maƙwabta tukwanensa biyu, saboda in tafiya ce kada ta zo masa a gaggauce. Saura kwana biyu Gareti ya kira shi ofis. Bai ɗago kai ba. Ya nuna masa takardun da sa hannu a kai, ya ce gobe za a kai su. Sannan ya ce daga ran Asabar ba shi ba zuwa filin jirgi, an mai da shi tankar ruwa, can wurin aikin da ke cikin sahara. Ko Tsoho ne ya matsa, ko Gareti ne ya ji nauyin rufin asirin da aka yi masa, har yau ba wanda ya sani. Mijinyawa ya ce, "Na gode, yallaɓai," ya fita ya je ya karɓo tukwanensa.

Shekara huɗu ya yi a tankar nan, babu na'urar sanyi, kujerar kamar kasko da rani. Bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Direban da aka ba aikin kaset kuwa mutumin kirki ne mai fara'a, sai dai Larabar farko tun daga bakin ƙofa ya ɗaga hannu yana yi wa 'yan ja barka. A mako na biyu ya yi ƙoƙari ya kame bakinsa, haƙoransa suka tona shi. Kafin a kai wasan kofi, gwangwanin biskit ya koma kicin an zuba masa sukari.

Dalhatu ya sami abin tsokana na shekara guda. "Ka gani ko, liman? Ashe amanarka ce ta riƙe musu caca kaka uku. Kana tashi ta mutu. Da ka yi surutu tun farko, da ka sami lada."

Mijinyawa yakan yi dariya ya ce, "Wataƙila. Amma abin da aka ba ni in kai, na kai shi a rufe."

A 1990 ya koma Azare da ƙafarsa, lokacin da ya ga dama. Ya buɗe wurin koyar da tuƙi, kuma mutanen garin da yawa da ke riƙe da sitiyari yau a hannunsa suka koya. A Gubaira, tsofaffin direbobi sun daɗe suna gardama a kansa bayan sallar Juma'a. Wasu na cewa ya yi wauta da ya sa abincin 'ya'yansa a kan wasan da ba nasa ba. Wasu na cewa laifinsa ɗaya, da ya rufa wa Gareti asiri. Mafi yawa dai in an ambace shi sai ka ga sun gyara zama, domin namu ne.

Kai fa, da kai ne a bakin ƙofar nan ran Laraba, kaset a gefenka, iƙamarka saura kwana goma sha ɗaya, ina za ka ajiye motar?