Sifirin Baba Ishaya

Duk wanda ya taɓa kwana a Baudeta da damina ya san kafin mata su gama hura wuta Baba Ishaya ya riga ya fito. Hula a karkace, alƙalami a bayan kunne, yana jan takalmin taya har bayan tsohon biro, wato ofishin aikin gona, inda aka kewaye wani ɗan fili da ƙaya. A tsakiyar filin akwai bokitin ƙarfe mai mazurari a ka, an ɗora shi bisa sanda. Wannan ne ma'aunin ruwan sama na garin. Zai sauke bokitin, ya juye abin da ke ciki a wata doguwar kwalba mai zane-zane, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan, ya karanta, ya rubuta. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, sai ya je. Ran Lahadi ma daga can yake wucewa majami'a da laka a ƙafa.

A hanyar dawowa yakan haɗu da maƙwabcinsa Malam Dikko, ya fito daga masallaci. "Ishaya, nawa anka samu?" In ya faɗi, sai Malam Dikko ya caka yatsa a ƙasa ya girgiza kai. "Kwalbarka ta cika zuƙi, wanga ruwa bai isa shibka ba." Su yi ta musu suna dariya, sannan kowa ya saɓi hauya. Tun suna samari suke wannan musun, har yau ba wanda ya sallama.

Bana Baba Ishaya ya ajiye aikin. Ido ya yi rauni, zanen kwalbar ya fara haɗe masa, an kuma kafa wata na'ura mai aika awonta da kanta. Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ne yake cin sa a rai, ya kuma daɗe yana cin sa. Kowane ƙarshen wata yakan naɗe takardarsa ya ba direban da ke zuwa Tasawa, aka ce daga can za ta wuce Maraɗi, daga Maraɗi Yamai. Tun daga ta farko har ta ƙarshe, ba wanda ya taɓa aiko masa da ko "mun gani". Shin wani ɗan Adam ya taɓa buɗe su kuwa? Matarsa Marta tana da amsa a shirye: "Ƙosai aka naɗewa da su a tashar Tasawa." Yakan yi murmushi, amma maganar tana sukarsa.

An ba shi aikin ne bayan babbar yunwar nan ta saba'in da uku, da sojoji suka karɓi mulki aka shiga kafa ma'aunai a karkara. Malamin gona ya zo neman wanda ya iya karatun boko, aka nuna masa wani siririn saurayi da ya koyi baƙi a majami'a. Ƴan samariya, ƙungiyar matasan gari, suka sare ƙaya suka kewaye filin. Shi ke nan, ba riga, ba kujera, ba babur.

Sai tamanin da huɗu ta zo. Wanda ya ga shekarar nan ba ya son a tuna masa. An yi shuka, gero ya fito kore shar, sannan sama ta rufe. Watan takwas, da aka saba ruwa ba ya ɗaukewa, ya zo da rana kamar ta bazara. Gero ya murɗe ya ƙone a tsaye. Gida-gida aka fara ɗaure kaya. Marta, da jaririyarta Altine a baya, ta ce su tafi wurin danginta a Maraɗi kafin awaki su ƙare.

"Ku tahi ke da ɗiya," in ji shi. "Ni sai damina ta hita."

"Wace daminar? Bokiti wayam kaka gadi, Baban Altine!"

"Ba ki gane ba. In na bar gurbi ba rubutu, ma'anarshi ba wanda ya duba. In na sa sihiri, an duba ke nan, ba ruwa. Ba ɗaya ba ne. In kowa ya gudu, wa za shi shaida ba a yi ruwa ba?"

"To, sai ka dahwa sihirin ka ci."

Ta tafi tana kuka, shi kuma ya zauna. Kowace safiya ya je ya leƙa bokitin da ba komai a ciki sai ƙasa da mataccen ƙwaro, ya goge shi, ya rubuta sifiri, ya dawo ya jiƙa dusa da ganye. Awakin ma ba su kai ƙarshen shekara ba.

Malam Dikko ne ya ba ni labarin wata safiya a tsakiyar watan. Ishaya ya sauke bokiti ya ji nauyi. Ruwa! Sai ya dubi ƙasa, ƙasa a bushe ƙamas, ko ɗigo babu a kan ƙaya. Ga kuma sawun ƙafa ƙanana sun shigo sun fita, sun nufi bukkar Iya Hawwa, wata tsohuwa da ƴaƴanta suka tafi cin rani suka bari. A lokacin sai mace ta yini a bakin rijiya kafin ta sami rabin tulu.

"Iya, ke kinka zuba ruwa a bokitin gwamnati?"

"Ni ce, ɗana. Kullum ina hangenka, ka leƙa ka koma kamar an yi maka rasuwa. Nac ce bari in zuba, ko sama ta leƙo ta gani ta ji kumya."

"Allah shi saka, Iya. Amma wanga na rijiya ne, ba ni iya rubuta shi."

Malam Dikko ya ce da idonsa ya gan shi ya riƙo bokitin da hannu biyu, yana takawa a hankali kada ya zube, har ya juye mata a randa. Sannan ya koma ya rubuta sifirinsa.

Kai ne wannan, Baba Ishaya. Kai ne ka fi kowa son ka ga ruwa a bokitin nan, ka gan shi, ka kuma ƙi yi wa kanka ƙarya. Mai gadin sama, wanda ba ya ƙari ba ya ragi. Ni kam duk lokacin da na tuna tafiyar nan taka zuwa bukkar tsohuwa sai idona ya kawo ƙwalla, ba na kuma jin kunyar faɗa.

Daga baya hatsin taimako ya iso a motar soja. Ko takardunsa na cikin abin da ya kawo shi, ba wanda ya gaya masa, shi ma bai taɓa bugun ƙirji da haka ba. Marta ta dawo ta tarar da shi kamar kara. Ta yi jinyarsa, ta yafe, amma ba ta manta ba.

Altinen da aka goya zuwa Maraɗi yau ma'aikaciya ce a wata ƙungiyar manoma a Mayahi. Kwanakin baya suna neman a kawo wa ƙauyukan Isawan da Atantane irin gero mai saurin nuna, masu bayarwa suka ce a nuna musu yadda damina ta riƙa gajarta tun da. Wani abokin aikinta ya nuna mata inda ake ajiye tsofaffin awon yanayi na duniya a intanet, kowa na iya ɗauka. Ta rubuta sunan garinsu, ba a samu ba, ashe da lamba aka jera tashoshin. Ta buɗe taswira tana bin ɗige-ɗige ɗaya bayan ɗaya, rezon intanet yana zuwa yana ɗaukewa, sai da ta yini kafin ta sauke na yankin. Da ta kai tamanin da huɗu sai ta ga tashoshi da dama sun yi giɓi, wata biyu, wata uku, ba komai. Masu awon ba su yi laifi ba, yunwa ce ta kore su. Ɗigo ɗaya ne a gefen Tasawa, daidai inda Baudeta take, layinsa bai yanke ba. Sifiri, sifiri, sifiri, har ƙasan shafi. Ta ce sai ta rufe ordinatar, wato kwamfutarta, ta fita waje, don kada a ga fuskarta.

Ran Asabar ta zo da ita gida. Ana zaune a rumfa bayan la'asar ta buɗe a gaban uban. Ba ya gani, sai ta riƙa karanta masa, shekara bi shekara. Yana gyaɗa kai, wani wurin ma ya riga ta faɗa.

"Duk suna nan?"

"Duk, Baba. Da su munka nemi irin, kuma an karɓa."

Ya share fuska da hularsa ya ce, "Ashe sun isa." Abin da ya faɗa ke nan.

Marta ce ta matso, tana leƙen gilashin duk da ba ta iya karatu ba. "Nuna mini inda anka sa sunanshi."

"Ba suna, Inna. Lambar tasha kaɗai."

"Lamba?" Ta miƙe tsaye, zane na zamewa. "Mutum ya kusa mutuwa bisa bokitinsu, su sa mishi lamba kamar jakin haraji?" Baba Ishaya yana cewa a bari, ba komai, ita ko sauraronsa ba ta yi. Ta juyo kaina, don ina wurin na zo gaisuwa. "Kai da aka ce kana rubutu, mi amfaninka?"

To, Inna Marta, na ji.

Mun gode, Baba. Manoman Isawan da za su shuka irin nan ba su san ka ba, amma sun gode. Ku kuma da ke riƙe da ƙananan ayyukan da ba mai leƙowa, mai awon jarirai a asibitin ƙauye, mai duba zurfin rijiya, ku rubuta abin da kuka gani ko da babu ne, kada ku bar gurbi. Kai ma ɗalibi ko masani, ko ina kake, ranar da ka sauke awon yankinmu ka ga layin da bai yanke ba a shekarar yunwa, ka sani mutum ne ya zauna da yunwa ya cike shi. Sunansa Ishaya Amani, manomi, mijin Marta, mutumin Baudeta. Yana raye, yana kuma karɓar gaisuwa.