Kwalbar da Na Cire a Akwatin Jitar Buzu

Jama'a, wallahi abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ina da rumfar gyaran rediyo a Illela, bayan layin 'yan canji, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai, don duk abin da ya gagari masu gyara a Konni ta Nijar ni ake tsallako wa da shi.

Wata ranar kasuwa bayan azahar wani Buzu makaɗin jita, Hamidu, ya sauka daga kan babur rungume da tsohuwar amfilifaya, wato akwatin ƙara sautin jita, irin ta da mai kwalabe a ciki waɗanda ke yin ja idan sun yi zafi. Ya ce muryarta ta mutu, ko an murɗa har ƙarshe kamar sauro take kuka.

"Malam, ka bi shi sannu," in ji shi. "Wanga akwati na yayana na, wanda yar rasu, shi yak koya min kiɗi. Ba ni da hoto nai, ba ni da kaset nai, shi ɗai yar rage min."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, a raina kuwa ina cewa kowa da ya zo haka yake faɗa. Na canza wayar jita, na wanke maɓallin ƙara, na auna sifika da mita, duk lafiya lau. Sai na buɗe baya na ba ta wuta, na ga manyan kwalabe biyu da ke tura sauti, ɗaya ta yi ja, ɗayar kuwa baƙa ƙirin. Na ce to ga ɓarawon nan, ɗaya ke aikin biyu. Mu masu gyara mun saba ƙwanƙwasa kwalba da ɗan tsinke mu ji ko ta saki daga ciki, sai na ɗan taɓa matacciyar.

La'ilaha illallahu! Sai ga kiɗan jita yana fitowa daga sifikar, a hankali, tas, alhali jitar Hamidu na jingine da bango, wayarta a ƙasa. Na ce ko wata tashar Nijar ta kama, don tsofaffin akwatunan nan suna yin haka, na murɗa rediyon da ke kan tebur tasha bayan tasha, babu mai irin wannan kiɗan. Can sai mai kiɗan ya tsaya, ya yi ɗan tari sau biyu, ya gyara tsirkiya ya ci gaba. Ban taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan ba.

Hamidu ya durƙusa gaban akwatin, rawaninsa ya zame bai ma sani ba.

"Shi na," ya ce. "Wallahi tari nai na."

A nan ne na yi abin da har yau yake cina. Tsoro ne ko hannu ne ya saba, ban sani ba, kawai na kashe wuta na fizge kwalbar. Sanyi ƙalau take kamar an tsamo ta daga randa. Hamidu ya riƙe min hannu yana cewa, "Mi ka yi? Maida ta, don Allah maida ta!"

Na mayar, na ƙwanƙwasa, na sake ƙwanƙwasawa, har aka kira la'asar muna abu ɗaya, shiru. Da na sa mata mita sai na ga zaren cikinta a tsinke yake, ya ma yi baƙi don daɗewa, wato ko ɗigon wuta ba ya ratsa ta. Na sa sabuwa, akwati ya buɗe murya har 'yan canji suna leƙowa, amma Hamidu ko kallonsa bai yi ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Da ka bari ya ƙare waƙar."

Na tambayi malamai biyu, kowanne ya ce min Allah ne masani. Ni dai shawarata, in an kawo muku kayan mamaci gyara, kada hannunku ya riga bakinku, ku tambayi mai shi kafin ku cire komai. Har yau in zan ƙwanƙwasa kwalba sai na yi bisimilla.