Sanyin Da Ya Ci Idon 'Yar Farina

A lokacin da abin nan ya faru, ban kai shekara ashirin ba. Ni haifaffiyar Mirriya ce, ina aure a Damagaram, a unguwar Zango, Nasara bai tafi ba tukuna. Maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai gyaɗa Kano ya komo da goro da atamfa, sai a daɗe ban sa shi a ido ba. Mutum ne mai sauƙin kai, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na faɗi haka tun da fari don kada mai karatu ya zaci na zo ne in ci naman wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ɗan rubutun nan a karatun manya na koye shi, bayan furfura ta fito, saboda haka a yi haƙuri da hannuna.

Wata rana ya komo daga tafiya, na lura in ya shiga bayi sai ya daɗe, ya fito da gumi a goshi. Da na tambaya ya ce sanyi ne ya kama shi, mota ta lalace musu wajen Takieta, sun kwana a ƙarƙashinta bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban yi shakka ba ko kaɗan. Ai sunan ciwon ke nan, sanyi, kuma a tunanina maganinsa zafi. Na dama masa kunun kanwa, na cika citta da barkono, na riƙa ɗora masa ruwan wanka. Ya sha wasu ƙwayoyi da ya sayo a kasuwar Kano, da ya ji sauƙi ya bar su. Ba a jima ba ni ma na fara jin zafi wajen fitsari, da wani ruwa da ban saba gani ba, ga shi ina da ƙaramin ciki. Na gaya wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai. Ta yi dariya ta ce sanyin mata ne, duk amaryar da ke wanka da ruwan randa da sassafe sai ta same shi, kuma ita ta san dalilin yawan wankan nawa. Ta ce in tsuguna bisa garwashi da turare. Na yi, abin ya lafa, na manta.

Da cikin ya tsufa aka mai da ni Mirriya goyon ciki, na haifi mace. Yaran yanzu ba za su gane kunyar ɗan fari ta zamaninmu ba. Uwa ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta faɗin sunansa har abada. In ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba, sai an ɗauko an ɗora mata. Wannan ita ce tarbiyya, kuma ni ina alfahari da tawa.

Tun kafin suna idanun yarinyar suka kumbura, suka manne, wani ruwa mai kauri kamar mugunya yana fita, a share ya sake taruwa. Gwaggo, ƙanwar babana da ke yi mini wankan jego, ta ce ciwon idon jarirai ne, a tatsa mata nono a ciki, a sa tozali. Kakana da ya leƙo ya ce amaryar tasa yanga take masa, ta ƙi buɗe ido ta ga tsoho marar haƙori. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, fuskata na kallon bango. Amma ni ce ke ganin idon nan kusa, in na lulluɓe mu da zane ina ba ta nono, kuma na san kullum ƙaruwa yake. Sau ɗaya na buɗe baki, na ce wa Inna, mahaifiyata, ko za a kai yarinyar nan likita. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati, ta kira matan gida su zo su ga marar kunya, 'yar fari tun ba ta bushe ba ana rawar jiki a kanta, wai zaman Zango ya lalata ni. Ta ce kuma mai jego ba ta fita kafin arba'in, sanyi ya shige ta. Na ja zane na rufe kaina.

Maigidana ya zo ranar suna, ya zauna a zaure da maza. Shi ma 'yar farinsa ce, bai ɗaga zanen ya duba ba. Washegari ya koma hanya.

Da kumburin ya sauka yarinyar ta buɗe ido, sai muka ga baƙin idon ya rufe da fari, kamar an ɗiga kindirmo. A nan ne Inna ta tsorata, ta ture maganar Gwaggo, ta samo mana mota zuwa Damagaram. A likita wata ungozoma ta duba ta, sannan ta roƙi Inna ta jira a waje. Ta tambaye ni ko na ga wani ruwa lokacin ciki, ko maigida ya taɓa kukan fitsari. Na ce e, sanyi ne ya kama mu duka biyu. Ta ce mini, a hankali, ciwon nan ba ruwansa da sanyin ƙasa ko na randa. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, ana ɗaukarta ta wurin kwanciya, mace kan ɗauke ta ba ta ma sani ba, kuma jariri yana shafo ta a ido lokacin fitowa. Ta ce akwai allura, za a yi mana ni da yarinyar, dole kuma a yi wa maigida, in ba haka ba zai sake ba ni. Na tambaya ko farin zai washe. Ta ce da an kawo ta tun farkon kumburin, da ta tsira da idonta.

Na gaya wa maigidana ranar da ya komo, ina kallon tabarma. Da fari ya ce ko ya tsallaka fitsarin wani ne a tasha, haka direbobi ke faɗa. Can ya ce akwai wani gidan mata da yakan sauka a Kano. Ya je aka yi masa allurar, kuma har Allah ya karɓi abinsa ba mu sake ta da zancen ba. Ban ƙara samun ciki ba, daga baya aka ce ciwon ya riga ya toshe hanyar haihuwa. Dangi suka ce iska ce ta taɓa yarinyar, na bar su a haka. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Bisa al'ada kakanni ke ɗaukar ɗan fari, amma ba wanda ya nemi makauniya, sai ta zauna wurina, tana kirana Yaya.

Ranar da aka ce mun samu 'yancin kai, gari ya cika da kiɗa, ta riƙe bakin zanena tana tambaya yaya sabuwar tutar take. Na ce akwai kore, akwai fari, da rana a tsakiya. Ta ce ita rana ta san ta, tana jin ta a kumatu, amma mene ne kore?

Ta girma, ta iya saƙar faifai fiye da masu ido, ta san kowa da takunsa. Bara da damina ta kwanta ciwon ajali, ita ma da furfurarta. Wata yamma ta ce, cikin wasa, wai ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, in faɗa sau ɗaya ta ji ko na iya. Na yi dariya na ce ta faye shirme. Na faɗa daga baya, amma an riga an rufe mata fuska.

Yanzu ni kaɗai ce a gidan. Na yi tunani mai tsawo, na ga suna da kunya ne suka cuce mu, sunan ciwon da ya sa muka nemi magani a murhu, da kunyar da ta ɗaure mini baki. Ku maza, in kun ji zafin nan ku je likita a gwada, ku tafi da matanku, ku bar ƙwayar kan tebur, ku bar cewa ƙasa ce ta jiƙe. Ke kuma 'yata da ke karanta wannan, in kin ga wani ruwa da ciki, ki faɗa wa ungozoma. In idon jaririnki ya kumbura, ki goya shi ki fita a ranar, ko ɗan fari ne, ko arba'in ba ta cika ba. Bari Gwaggo ta yi ta tafa hannunta.