Mudu Arba'in na Jethro

Jethro maƙwabcina ne a Unguwar Boro, mutumin Zonkwa, katanga ɗaya ta raba mu. Ya daɗe yana aikin masaƙa a Kakuri kafin a sallame su a 1986. Manaja nake kiransa, saboda biron nan da ba ya barin aljihunsa ko wanka za shi.

Da aiki ya ƙare, tsoronsa ɗaya: kada babbar 'yarsa Christy ta bar sakandare. Sai ya nemi hayar injin niƙa wajen Alhaji Sani na Makera. Alhaji ya ba shi zaɓi na shekara guda: ko naira shida kullum, ko naira biyu kullum da sule ɗaya kan kowane mudu.

Na same shi gindin mangwaro yana zane a ƙasa.

"Garba, duba nan. Tsakanin shida da biyu naira huɗu, sule arba'in ke nan. A mudu arba'in duk ɗaya ne. In na wuce arba'in, shidan ta fi sauƙi."

"To Manaja, za ka wuce ɗin, ko biro ne zai niƙa sauran?"

"Kai dai je ka ga layi a injin Mama Rhoda!"

Na je na gani, robobi har bakin titi. Amma Disamba ce, kowace mace na niƙan Kirsimeti. Ya zaɓi shida.

Lissafin nan ba kuskure a cikinsa. Sai dai ruwa na sauka matan unguwa suka kwashe zuwa ƙauye noma, kamar kowace shekara. Mutumin da ke yini cikin masaƙa bai taɓa lura ba. Niƙa ya dawo mudu goma sha biyar, abin da ke shigowa bai kai haya ba, balle mai.

"Manaja, yau ma injin azumi yake?"

Bai yi dariya ba. Na ce ya koma wajen Alhaji su sake magana, ya ce a gaban shaidu ya ɗauka, ba zai lashe amansa ba. Ya sayar da rediyo, sannan keke.

Da aka koma makaranta a Satumba, Christy ba ta koma ba. Ya tura ta Zonkwa wajen kakarta, tana aji huɗu. Shi ya ɗaukar mata akwati har tasha. Da ya dawo bai shiga gida ba. Ya tada inji ya niƙa wa wata tsohuwa rabin mudun wake.