Tarin Inna da Mai Kiwon Ɓeraye

A shekarar da soja suka koma bariki Inna ta kamu da tarin fuka. Muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ni ina koyarwa a wata firamare a Tarauni. Jama'a na ta murnar zaɓe, mu kuwa ƙofarmu ta yi tsit. 'Yan dubiya daga zaure suke gaisuwa su juya.

Mutum ɗaya ce ke shigowa har ɗaki, maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Filato da ta dawo daga karatu a ƙasar waje. Takan buɗe taga ta zauna bakin gado su yi ta hira. Rannan Inna ta tambaye ta aikinta.

"Ɓeraye nake kiwo a can, Inna. Farare."

"Duk wannan karatun, ɓera?" Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Da magani ya fara karɓar ta, ta yi ƙiba, sai ta ce ta warke, ita da ƙwayoyin nan sun yi sallama. Na yi lallashi, na yi kuka, ta ƙi. Na je na kira maƙwabciyar.

Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Inna, ƙwayar cutar nan tana da makunnai a jikinta, kamar na lantarki. In ta ji wuya sai ta kashe wasu, ta lafe a huhu kamar ta mutu. In ta ga sarari ta kunna su ta taso. Mukan lalata makunni guda mu sa wa ɓeraye cutar, sai ka ga da ƙyar take kama su. Waɗanda muka sa wa lafiyayyiyarta kuwa ramewa suke yi."

Inna ta ce, "Wato tawa lafewa ta yi?"

"Watakila. Ba ni da tabbas, shi ya sa nake jin tsoro."

Inna ta miƙo hannu na zuba mata ƙwayoyin. Ta shanye maganin har ranar da likita ya sallame ta.

Daga baya maƙwabciyar ta koma Hotoro. Inna ta rayu har ta goya 'ya'yana, kuma duk sallar layya da hannunta take ware cinya guda, ta ce in hau acaɓa in kai wa maƙwabciyar tun naman bai huce ba.