Ƙwaryar da Riskuwa ya kai Birnin Kebbi

Matso kusa, ga tabarma nan, zauna. Yau labarin Riskuwa na Gulma zan ba ka, kuma tun yanzu ina gaya maka ba na dariya ba ne.

Riskuwa manomin albasa ne, kuma shi ke rabon ruwa ga masu lambu arba'in da ɗaya a fadamar garinsu. Ba sarauta ba ce, amana ce. Suna da wata al'ada tun kakanni. In magana ta taso wadda ta shafi kowa, sai a zauna gindin tsamiya a aje ƙwarya biyu, ta "i" da ta "a'a", kowa ya jefa tsakuwa ɗaya. Ƙwaryar da ta fi nauyi ita ce magana, ko hakimi ba ya iya soke ta. Shekara goma sha tara Riskuwa na riƙe da ƙoren nan, ba a taɓa jin ya tambayi mutane sannan ya yi gaban kansa ba. Shi a saninsa, wanda ya tambaye ka ya ɗaure kansa da amsarka.

A ƙarshen daminar 1985, muna jihar Sakkwato a lokacin, gwamnatin soja ta ce 'yan ƙasa su faɗi ra'ayinsu: a karɓi bashin IMF ko a bari? Malamin gona mai zagayen yankin, Malam Irimiya, mutumin Filato da ke zaune Gwadangaji, shi ya zo a kan babur ya fassara musu. Ya ce asusu ne na ƙasashen duniya, yana ba da rance amma da sharaɗi: a karya darajar naira, gwamnati ta janye hannu daga sauƙaƙa man fetur da taki.

Tamba, abokin wasan Riskuwa kuma maƙwabcin lambunsa, ya ce, "Malam, shi wanga Ayamaf ɗan wane gida na? Ya taɓa cin albasarmu?"

Aka yi dariya. Riskuwa bai yi ba. Ya tashi ya ɗauko ƙore. Tsakuwa arba'in da ɗaya, duk a ƙwaryar "a'a".

Da aka kira taron yanki a Birnin Kebbi, ya ɗaure bakin ƙwaryar da tsumma, ya hau mota ta Argungu, ya rungume ta a cinya har can. Zauren cike da malaman makaranta da 'yan kasuwa, ana ta zuba Turanci. Da aka zo kansa, ya kwance tsumman, ya juye tsakuwa a kan teburin manya.

"Ranku shi daɗe, ga Gulma. Kun tambaya, mun amsa. Ba mu so."

Aka tafa masa har wani magatakarda ya rubuta sunansa. A watan Disamba rediyo ya ce gwamnati ta ji muryar jama'a, ba za ta karɓi bashin ba. Sauda, matarsa, ta ce ranar tuwo biyu ya ci.

To, a nan kuskuren ya shigo.

Dama an daɗe ana ja-in-ja a fadama kan injin ban-ruwa. Da jigo suke ɗibar ruwa, itace mai guga a gefe ɗaya da curin laka a ɗayan, kana ja kana juyewa tun safe har kafaɗa ta mutu. Inji kuwa zai tura ruwa har kan tudu, a ninka lambu. Abin da ya hana su shi ne tsoron mai da kayan gyara, don duk abin da ke cikin injin daga waje yake zuwa. Yanzu Riskuwa ya tsaya gindin tsamiya ya ce tsoro ya ƙare.

Tamba ya ce, "In sunka canza magana hwa?"

"Ba su canzawa. Sun tambaya gaban duniya. Ni na ga anka rubuta."

"Kai dai ka ga biro na tahiya, tsoho."

"Tamba, in mai ya tashi, ku amshe ƙoren nan hannuna."

Aka jefa, "i" ta rinjaya. Suka sayar da awaki suka haɗa, aka kawo inji jan fenti. Da lambuna suka koma tudu, jigo ya zama ba shi da aiki. Itacen ya tafi rufin ɗaki da murhu. Riskuwa shi ya fara sare nasa, don a ga ba ya shakka.

Ba a yi wata ɗaya ba kuɗin mai ya kusa ninkawa. Ya ce a yi haƙuri, wata ƙila kuskure ne, za a gyara. Suka lallaɓa ranin ya wuce. Sai aka fara jin wata sabuwar kalma a rediyo, SAP, wai tsari ne namu na gida. Kafin wani rani naira ta faɗi warwas.

Albasa ta fara ƙwai, lokacin da kwana uku babu ruwa ke kashe ta, injin ya yi tari ya tsaya. Makaniki a Argungu ya buɗe ya nuna wani ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Kuɗin da ya faɗa ya kusa na injin duka a bara, kuma sai an aika Kano.

Riskuwa ya wuce Birnin Kebbi. A ofishin gona aka ce an rage ma'aikata, Malam Irimiya na ciki. Ya bi shi Gwadangaji, ya tarar da shi da matarsa Sara suna ɗaure katifa da tukwane.

"Malam, bashin nan mun ce a'a ko ba mu ce ba?"

"Kun ce, Baba. Kuma ba a karɓa ba."

"To mi ya kashe muna inji?"

Irimiya ya zauna a kan akwati. "Kuɗin ne aka ƙi. Sharuɗɗan duk an ɗauka. Waɗanda ke bin ƙasar nan bashi sun ce ba za su saurara mana ba sai asusun ya sa hannu cewa muna kan hanya."

"Nuna min ƙohwar gidansu. In tahi in gaishe su, in yi bayani."

"Suna Amurka, Baba. Ba su da ƙofar da irinmu ke shiga."

"Wa ya zaɓe su?"

"Ba mu ba."

"Su da sunka tambaye mu hwa?"

Irimiya ya dubi titi, ya rage murya. "Su ma ai ba mu ba."

Sara ta kawo masa ruwa a kofi. Ya riƙe, bai sha ba.

Kwana tara mutanen Gulma suna hawa tudu da tulu da bokiti, maza da mata. Tulu ba ya shayar da lambun da aka yanka don inji. Ganye ya kwanta, ya yi fari. Gidaje da dama suka ci irin geronsu kafin damina, samari shida suka tafi cirani kudu, biyu ba su dawo ba har yau.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi masa ciwo. Shi da kansa ya kira zama, ya aje ƙore, ya ce, "Na yi alkawari. In ci gaba ko in sauka?" Ya juya baya don kada kowa ya ji kunyarsa. Da ya waiwaya, tsakuwa ɗaya ce a "ci gaba". Tamba yana can gefe yana duban ƙasa. Shi kuwa Riskuwa, tun kafin ya juya baya ya jefa tasa tsakuwar a "sauka", inda na jama'a suka taru.

Ya rayu shekara huɗu bayan haka. Ya sake kafa jigo a bakin ruwa, ɗan ƙarami, yana ja shi kaɗai. Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi, Sauda ta ce ya tashi su je. Ya ce ta tafi, shi an riga an tambaye shi sau ɗaya.

Wasu a Gulma har gobe suna cewa wautarsa ce ta ja musu, ina shi ina yarda da maganar rediyo. Ni na kasa yanke hukunci. Kai da ka saurara, gaya mini: mutumin da aka tambaya, ya amsa, aka ce masa an ji, me ya kamata ya yi in ba ya yarda ba?