Tukunyar da Dalhatu ya zaɓa wa Ghali

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad ya san Dalhatu mai kunu, ko bai san fuskarsa ba ya san hannunsa. Mutumin Funtuwa ne, gajere, mai ƙarancin magana da yawan riƙo. Iƙamarsa, wato takardar zamansa a Saudiyya, ta ce direban motar ruwa ne, amma abin da ya mai da shi mutum a Riyad kunun zaƙi ne. Ranar Alhamis yake damawa, Juma'a ana saukowa daga masallaci a cika ƙofar ɗakinsa, leburori da direbobi har da masu kwat na ofishin jakadanci.

Wajen kakarsa ya koya. Ya jiƙa gero, ya niƙa da citta da kanumfari, ya sheƙa wa ƙullun tafasasshen ruwa har ya yi kauri kamar koko. In ya huce sai ya zuba niƙaƙƙen tsiron dawa. Tsiron nan shi ke tsinka kunun, ya sa masa zaƙi kafin gari ya waye. Tukunyarsa kuwa 'yar madaidaiciya ce, baƙa, duk ta lotse.

Ghali abokin ɗakinsa ne, ɗan Gusau, baki kamar rediyo. Ya daɗe yana kishingiɗe a katifa yana kallon Dalhatu na aiki, ko ludayi bai taɓa miƙa masa ba. Rana ɗaya ya tattara ya koma unguwar Nasim, ya fara nasa kunun, yana gaya wa masu saye wai na Dalhatu ne, tare suke. Dalhatu ya ji, ya haɗiye.

Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne bikin suna na gidan Alhaji Zainulabideen, wani babba a ofishin jakadanci, wanda matarsa Hajiya Jamilatu ta haihu. Kowa ya san aikin na Dalhatu ne. Ghali ya riga shi zuwa, ya ce wa Hajiya a gaban 'yan barka tukunyar Dalhatu ko wankan jaririn ba za ta isa ba, a bar masa aikin kawai. Aka yi dariya, aka kawo wa Dalhatu labarin da ɗuminsa. Ya yi kwanaki abinci ba ya masa daɗi, kuma ya rantse a ransa sai Ghali ya ji kunya a gidan nan.

Sai ga Ghali ya bugo waya, ba kunya ba tsoron Allah.

"Yaya Dalhatu, habibi, raka ni kasuwar Batha in sayi babbar tukunya mana. Kai ka san kaya."

"Mafi mushkila, ba matsala," in ji Dalhatu, har da murmushi.

A shagon wani Bayamane tukwane jere har rufi. Da don kansa ne, Dalhatu matsakaita biyu zai ɗauka, masu faɗin baki, marasa kauri, waɗanda ke sakin zafi da wuri. Ya wuce su ko kallo bai yi ba. Ya tsaya gaban wata ƙatuwar tukunyar kabsa mai zurfi, wadda Larabawa ke dafa shinkafa da rago sukutum a ciki, gindinta kauri, murfinta sai an sa hannu biyu. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"Ga tukunyar manya," ya ce. "Ka rufe ta ruf, kar ƙura ta shiga."

Ghali ya shiga shafa ta yana washe baki. "Lokacin dai kamar yadda kake yi ko? A dama bayan La'asar, a zuba tsiro in an kira Magariba?"

"Ai haka ka ga ina yi."

Ba ƙarya ya yi ba, haka Ghali ya gani. Abin da bai gani daga kan katifa ba shi ne ɗan yatsan da Dalhatu ke tsomawa kafin ya zuba tsiro. Ba ladan ke faɗa masa kunu ya huce ba, yatsa ne. Ƙaramar tukunya ce kawai ta saba hucewa daidai kiran salla. Wannan uwar, ga murfi, ga zafin Riyad, har Isha za ta kai tana turiri, kuma tsiron da ya faɗa cikin zafi irin wannan ya mutu. Dalhatu ya taya shi ɗora ta a mota.

Ranar suna ya sa farar shadda, ya je da wuri, ya zauna inda zai ga komai. Aka fito da kunu. Ludayi ya shiga ya tsaya cak. Abu ya fito guda-guda, salam, ga sukarin da Ghali ya antaya don ya rufa asiri bai ratsa ba. Dalhatu ya hango shi ta ƙofar kicin yana sharce gumi, Hajiya na wanke shi tas. Daɗi ya ratsa shi har yatsun ƙafa, bai taɓa jin irinsa ba tun da ya zo ƙasar nan.

Yana cikin wannan daɗin wani dattijo da ke gefensa, Malam Buraima, tsohon mai sayen kununsa, ya ajiye kofi ya dube shi da tausayi.

"Dalhatu, lafiya kuwa? Tun jiya ake ta cewa mu zo mu sha naka."

Sai a lokacin ya lura. Ba mai kallon kicin. Baƙin nan ba su san wani Ghali ba, kunun zaƙi a Riyad suna ɗaya gare shi, kuma duk falon shi ake kallo. Wani a baya ya ce ƙasa-ƙasa, "Hannun ya mutu, wallahi."

Dalhatu ya buɗe baki zai ce ba nasa ba ne, sai ga Ghali ya leƙo, ido jawur, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yaya, zo ka duba mana tukunyar nan da ka zaɓa."